Hotunan Ƙarshe na Malam Firmin

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Malam Firmin ya kawo hotunan bana. Shi da kansa ya rungumo akwatin tun daga gida, matarsa Odette tana riƙe da gwiwar hannunsa, tana yi kamar ita ce mai neman madogara.

Shekara goma sha tara ke nan duk watan Maris shi ke buɗe mini shekara. Ɗakin nan nawa ba wani babban wuri ba ne, shagon kifin Babana ne na fente shi fari na sa fitilu, har yau in ana ruwa bango yakan tashi da ƙarni. 'Yan unguwa ba su daina ce masa shagon kifi ba. Sauran watanni ina baje hotunan tsofaffin malaman makaranta da na masu ɗaukar furanni, mutum biyar su shigo a yini, uku daga ciki ruwan sama suka gudo wa. Amma in aka ce Firmin Maertens ne, har daga Brugge ake hawo jirgin ƙasa a zo garinmu Oostende.

Ya dire akwatin a tebur ya ce, "Yarinya, buɗe ki ga abin da tsoho ya yi."

Shekarata hamsin da takwas.

Na buɗe. Guda ashirin da shida ne, babu ɗaya da ya fito. Kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, ta karkace kamar za ta zube, jiragen kamun kifi sun zama tabo-tabo, a guda uku yatsansa ya rufe rabin hoton. Akwai wanda ƙasa kawai ya ɗauka, da takalminsa.

Ya ce, "Yaya kika gani?"

Odette ta leƙo ta bayan kafaɗarsa tana girgiza mini kai a hankali.

Na ce, "Ban taɓa ganin irinsu ba, Malam."

Ya bushe da dariya. "Kin ji ko, Odette? Ido ya gaji, amma hannu bai manta ba."

Mun tsayar da Juma'a, 21 ga wata.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Odette ta dawo ita kaɗai. Na haɗa mata kofi, ta riƙe kofin har ya huce ba ta kurɓa ba.

Ta ce tun bara tsakiyar idanunsa biyu ta mutu, gefe-gefe kawai yake ɗan gani. Fuskarta ma ba ya gani, da tafiyarta yake gane ta. Duk da haka kullum sai ya rataya kyamara ya fita. Masu wanke hoto sun ji nauyin faɗa masa, suka wanke abin da ya kawo. Ita ma ta ji nauyi. Yanzu so take in ɗauki nauyin.

"Machteld, muna da tsofaffin hotunansa a sama, akwati-akwati, waɗanda ba a taɓa gani ba. Ki rataye su. Zai tsaya a tsakiya, a tafa masa, ya koma gida ya kwanta. Ba zai gane ba."

Na ce, "So kike in yaudari mijinki?"

"So nake ki ji tausayinsa. Wannan ne na ƙarshe, ke ma kin sani."

Na ce zan yi tunani. Ta kama hannuna ta matse. Tafinta sanyi ƙalau, da laushi, hannun macen da ba ta taɓa fere kifi ba.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na kai hotunan wajen Remi mai sa firam. Duka ashirin da shidan. Ya duba biyar ya ce, "Kin tabbata ba kwandon shara kika nufa ba kika ɓata hanya?" Na ce ya sa musu baƙin katako, irin mai kyaun.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Wasu mata biyu 'yan Faransa sun shigo suna tambaya ko ina sayar da katin Matar Masunci, shahararren hoton nan na Malam Firmin. Na ce ba na sayarwa, su je shagon littattafai kusa da tasha, can akwai shi har a jikin jakar hannu. Ɗayar ta ce duk lokacin da ta kalli hoton sai ta yi kuka. Ta faɗi haka tana kallon tsakiyar fuskata. Ba ta ga komai ba.

Mace ce durƙushe a kan jiƙaƙƙen dutsen kwata, ta ɗora kwat a kan rigar barci, ƙafa ɗaya babu takalmi. Gefenta tamfol, hannu ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Ya ci kyauta a ƙasa uku. Babbansa yana rataye a gidan adana hotuna a Brussel, an sa benci a gabansa don masu son zama su yi kallo.

Taku uku ne tsakanina da Malam Firmin a waccan safiyar. Na ji ƙarar kyamarar. Bai ce sannu ba, bai tambaye ni ba, bai taɓa tambayata ba har yau. Sati biyu bayan an binne mijina Wannes na ga kaina a jarida, ina tsaye a layin burodi.

Shekara talatin da ɗaya. Mutane kan tambaye ni yadda aka yi nake baje hotunansa a ɗakina. Nakan ce ni dai rataye hotuna ne aikina.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Lieve ta zo cin abincin rana kamar kowace Lahadi. Ita kaɗai ta rage a dangin Wannes, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita kaɗai ce mutumin da ke shiga kicin ɗina ba tare da sallama ba. Ta kawo jatan lande, muka zauna muna ɓarewa, ita biyu ni ɗaya, har yanzu ta fi ni sauri.

Ta ce ta ga Odette a shagon burodi idanunta sun kumbura.

"Wai tsohon ya makance."

"Haka na ji."

"To ki lallaɓa shi ya sauka da mutuncinsa. Ya yi mana abin da ba wanda ya yi. In ba don hoton nan ba, wa zai tuna an yi wani Wannes a garin nan? Duk safiya in na kalle shi a kan durowa sai in ce, ko ba komai ƙanena ya sami macen da ta so shi."

Na ce miyar ta yi gishiri. Ta ɗanɗana ta ce ba ta yi ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na aika katin gayyata ɗari biyu. Bara tamanin na aika. Na kira yarinyar nan Annelies ta jaridar gari na ce ta zo da mai ɗaukar hoto, wannan ne baje kolin ƙarshe na Firmin Maertens.

Odette ta yi waya. Na ce, "Kada ki damu, na shirya komai." Na ji ta sauke numfashi. Ta ce Allah ya saka mini.

Ni dai rataye hotuna ne aikina.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Malam Firmin ya zo shi kaɗai, Odette ta tafi gyaran gashi, ya laluba hanya da bango. Wai ya zo ya ba hotuna sunaye. Ya ce ya riƙe su a kansa bi da bi yadda ya ɗauke su, in kira lamba shi kuma ya faɗa.

"Na ɗaya."

"Kwata da hantsi."

"Na huɗu."

"Jirgin Pol yana shigowa. Ki duba yadda haske ya kwanta a gefensa. Sati biyu ina jiran hasken nan."

Na huɗu shi ne na takalmin. Na rubuta: Jirgin Pol yana shigowa. Na rubuta duka yadda ya faɗa, ban canza ko harafi ba. Za a buga su a farin kati a manna ƙarƙashin kowane firam.

Da muka gama ya nemi kofi da biskit. Yana ci yana zubar da gari a gemunsa. Ya ce, "Ni da ke, yarinya, hoto ɗaya ne ya yi mu."

Na ce, "Kai dai ya yi."

"Ke ma. Na ba ki fuskar da za ki iya zama da ita a unguwar nan."

Ban san abin da yake nufi ba. Tsofaffi sukan yi irin wannan magana, su ɗauka hikima ce. Na raka shi har kwana, na nuna masa inda dakali ya karye don kada ya yi tuntuɓe. Ina so ya kai Juma'a lafiya.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Na goge ƙasa sau biyu. Har yanzu ƙarni.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe sha biyu na rana

Ba ni da komai a kansa. Tsoho ne, ya kawo aikinsa, ya ce a rataye.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Yau na rataye. Na lulluɓe gilashin gaba da takarda ruwan ƙasa kamar yadda nake yi kowace shekara. Na huɗu na sa shi a bangon da ke kallon ƙofa, na juya masa fitila biyu.

Wajen ƙarfe huɗu Odette ta ƙwanƙwasa. Na ga inuwarta a jikin takardar, da babbar jaka a hannu, na san tsofaffin hotunan ta kwaso. Ta kira sunana sau uku. Na tsaya a kan tsani da guduma a hannu ban motsa ba. Ta jima kafin ta tafi.

 Duk layin ya miƙe sambal, na auna.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe tara na safe

An yi.

Jiya ƙarfe shida na buɗe ƙofa. Kafin shida da rabi ɗakin ya cika har bakin titi, ban taɓa ganin haka ba. Mutane suka shigo da surutu, suka karɓi kofin giya, suka juya ga bango, sai surutun ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Wasu suka koma kallon kofunansu. Wata mata daga Brugge ta ce wa mijinta ƙasa-ƙasa wataƙila sabon salo ne.

Malam Firmin da Odette su suka zo ƙarshe. Ya sa baƙar kwat da jan ƙyalle a wuya. Odette ta ɗaga kai ta ga bangon, ta tsaya cak a bakin ƙofa, shi kuma ya ja ta ciki. Aka tafa. Ya yi jawabi, ya ce shekara sittin yana kallon garin nan kuma bai taɓa ganinsa sarai kamar bana ba. Aka sake tafawa, a gajarce.

Da an bar shi haka da wataƙila ya wuce. Amma Pol na nan, tsohon masuncin, ya sha uku kafin ya zo. Ya sa tabarau ya karanta katin, ya kalli hoton, ya sake karantawa.

"Firmin, wannan ne jirgina?"

"Shi ne, ɗan banza. Na mayar da shi ya fi yadda yake kyau."

"To tun yaushe jirgina ya fara ɗaura igiyar takalmi?"

Mutum ɗaya ya yi dariya, sai ta kama sauran. Ba da mugunta suka yi ba, minti ashirin suna danne ta. Mai hoton jarida ya ɗauka.

Malam Firmin ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashin. Ya karkatar da kai yana neman gani ta gefen ido, kamar kaza. Ya ce, "Odette, mene ne a nan?" Ta kawar da kai. Ya juyo wajen da ya ji numfashina.

"Yarinya, mene ne a cikin hoton nan?"

"Takalminka ne, Malam. Na hagu."

Ya matsa gaba da hannu a bango. "Wannan fa?"

"Yatsanka ne. Da ɗan sama kaɗan."

"Wannan?"

"Babu komai. Toka-toka ne kawai."

Haka muka bi bangon, yana tambaya ina faɗa, ɗaki cike da mutane ba mai tari. Ban ɗaga murya ba, ban ƙara gishiri ba. A na bakwai ya daina tambaya. Ya kwance jan ƙyallen daga wuyansa ya cusa a aljihu, ya ce Odette ta kai shi gida, yana jin fitsari.

A bakin ƙofa ta saki hannunsa ta dawo taku biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya yana rufa miki asiri."

Kafin bakwai da rabi kowa ya watse. Giya ta yi saura da yawa. Na wanke kofuna tamanin da huɗu, na ci burodi da cuku a tsaye.

Na ɗauka zan ji wani abu.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya Lieve ta zo, ta ci, ba ta ɗauko zancen ba sai da za ta tafi. Ta ce, "Ban san kina da wannan a cikinki ba." Na ce shi ya kawo su. Ta ce, "Haka ne," ta ɗaura ɗankwalinta.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Jarida ta fito. Annelies ta rubuta shi da ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Sun sa hotonsa da hanci a jikin gilashi, rabin shafi.

Mutum sittin da ɗaya suka shigo yau kafin azahar. Kai tsaye suke zuwa wajen takalmin, su karanta katin, su ɗauka da waya.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Remi ya ce jiya da rana tsohon ya faki idon Odette ya fita shi kaɗai. Nan ya nufo. Ya faɗi a kwana, wajen karyayyen dakalin, ƙugunsa ya karye. Yana asibiti.

Na nuna masa wurin. Ni da kaina na nuna masa.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe takwas da rabi na safe

An turo ambulan ta ƙarƙashin ƙofa. Hoto ne guda ɗaya, sabon wanki. A bayansa rubutun Odette: "Wanda duniya ta sani shi ne na sha huɗu a jikin fim ɗin. Wannan na sha biyar ne. Na aika wa Lieve nata."

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya

Ban buɗe ɗaki ba yau. Na sa kati a ƙofa.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Kwatar ce, tamfol ɗin ne, kwat ɗin ce. Matar ta miƙe tsaye. Ta juya wa mutane baya, ta ɗauka ba mai ganinta ta wannan gefen.

Ba dariya ba ce. Ko ma mene ne, ba dariya ba ce. Mutum in ya daɗe da kaya a ka aka sauke masa, fuskarsa takan yi wani abu da kanta, ba da izininsa ba. Daƙiƙa ɗaya ce, ko biyu.

Ban ji ƙarar kyamarar ta biyu ba. Duk shekarun nan ƙara ɗaya nake ji.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na dafa na mutum biyu. Yaya Lieve ba ta zo ba.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Lieve ta zo ƙarfe uku. Ta ƙwanƙwasa, ita da ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ba ta cire kwat ba. Ta ajiye hoton a teburin kicin a kife.

Na ce, "Zauna, Yaya."

"A tsaye zan yi."

"Yaya, kin san yadda Wannes yake in ya sha."

"Na sani. Ni na raka ki wajen likitan haƙori, ko kin manta? Duk layin nan mun sani. Mama ma ta sani." Haka ta faɗe shi, kamar mai cewa gobe za a yi ruwa. "Ba shi na zo tambaya ba. Da aka ciro shi daga ruwa, ni aka ba kayan aljihunsa. Makullin gida na ciki. Tun ranar nake tambayar kaina, mutum da makulli a aljihu, cikin sanyin Janairu, me ya hana shi shiga gidansa ya kwanta? Me ya mayar da shi kwata? Sai in kalli hoton nan na kan durowa in ce, ke Lieve, ji kunya, dubi yarinyar nan."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Ya zo gida a daren nan?"

Na ce, "Ƙofar tana da sakata a lokacin."

"Ya buga?"

Na kalli tukunya.

"Sau nawa ya buga, Machteld?"

Na faɗa mata. Ba zan rubuta a nan ba.

Ta dafa bayan kujera. Ta ce ta lissafa a hanya, ta ci abinci a teburin nan sau dubu da ɗari shida da wani abu. Ta ce ita ta wanke ni ranar jana'iza, ta taje mini kai.

Da na yi shiru da ta tafi da wannan. Amma na ce, "Ku da kuka sani, Yaya, ku duka layin nan, shekara shida ina ciki da shi. Ku sau nawa kuka buga?"

Ta dube ni tsawon lokaci. Fuskarsu ɗaya da shi in ransu ya ɓaci, gefen baki yakan yi fari. Na ga kaina na ja baya har na jingina da firji, ni da shekara hamsin da takwas, a gaban tsohuwa mai sanda.

Ta ga na ja bayan. Ta ɗauki hotonta ta sa a jaka, ta zaro makullin kicin ɗina daga zoben makullanta, da ƙyar, farcenta ya karye, ta ajiye a tebur.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Matar shagon burodi ta miƙo mini burodi ba ta ce ina kwana ba. Ko Yaya ta yi magana, ko saboda tsohon ne. Ba zan tambaya ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu

Mutum huɗu. An gaji da takalmin.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Remi ya ce an mayar da Malam Firmin gidan kula da tsofaffi na bayan asibiti. Odette ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma gidansu bene ne. An ce ba zai sake hawa ba.

Na sauke hotunan yau. Ina cire na ashirin da biyu, wanda na cusa a lungun ƙofar bayi don babu wuri, sai na tsaya da shi a hannu. Ban taɓa kallonsa sosai ba. Shi ya ce labulen kicin ne, haka na rubuta a kati. Ba labule ba ne. Odette ce a gaban taga, duk ta narke cikin haske, ba ido ba hanci, sai dai duk wanda ya san ta zai gane tsayuwarta. Ta miƙo hannu wajen kyamarar, ko za ta karɓe ne ko za ta tallafe shi. Hannun kaɗai ya fito tar, har zoben.

Na kai shi gaban taga na zauna da shi kusan awa guda. Shekara ashirin ina rataye hotuna a ɗakin nan, ba a taɓa rataye kamarsa ba. Ya fi wanda ke Brussel. Ɗaruruwan mutane sun shigo, ba wanda ya leƙa lungun sai mai jin fitsari.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na je wajensa. Na zaɓi ƙarfe uku, na san Laraba Odette tana zuwa wajen nata likitan.

Ɗaki ne mai gado biyu, ɗayan ba kowa. An aske masa gemu, ya koma ƙarami. Kafin in yi magana ya ce, "Yarinya. Warin shagon kifi."

Na zauna. Ban kawo komai ba.

Ya ce bai san Odette ta ɗauki fim ɗin ba sai bayan ta aika. Bai ma san ta san da shi ba. Ya ce ya yi mata faɗa, kwana biyu ba sa magana, a shekara hamsin da biyar na aure ba su taɓa kwana biyu ba.

Na ce, "Me ya sa ba ka ƙone shi ba tun farko?"

Ya murza bakin bargo. Na ɗauka haƙuri zai ba ni.

"Na sha kunna ashana," ya ce. "Amma ya fi na sha huɗun kyau. Nesa ba kusa ba. Shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma ba wanda zan nuna wa. Kin san abin da wannan ya ci mini?"

Wata ma'aikaciya ta shigo ta duba robar ruwan da ke hannunsa, ta ce mini, "Kin kyauta da kika zo, ba ya samun baƙi." Ta fita.

Ya juyo da gefen fuskarsa wajena, yadda yake yi in yana son ya ɗan gani.

"Machteld." Bai taɓa kiran sunana ba, ban ma san ya riƙe shi ba. "Ke kina da ido, ke kaɗai ce mai ido a unguwar nan. Odette za ta ce duk suna da kyau. Ke faɗa mini. Cikin ashirin da shidan nan, akwai ko ɗaya?"

Hannunsa yana kan bargo a buɗe, yana jira.

Na ce, "Babu, Malam."

"Ko ɗaya."

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya ce in ja masa labule, hasken yana damunsa. Na ja. Da na kai ƙofa na waiwaya, ya juya ga bango, ya ja bargon har kunne.

Na biyo ta kwata a ƙasa. Ana sauke kifi, na sayi guda ɗaya, ƙarami.

Gobe Remi zai mayar wa Odette akwatin. Guda ashirin da biyar ne a ciki. Na san ba za ta buɗe ba.